Digirin Kimiyyar Muhalli da Kula da Shi: Me Ake Karantawa, Kuma Ina Yake Kai Mutum?

Duk lokacin da aka yi ambaliya, ko aka gano guba a ruwan sha, ko shugabannin duniya suka hallara taron sauyin yanayi, sai ka ji ana cewa duniya na bukatar masana muhalli. Matasa masu shirin shiga jami'a suna jin wannan, iyayensu ma suna ji, amma da zarar yaro ya ce shi kimiyyar muhalli da kula da muhalli zai karanta, tambaya ɗaya ce ke fara fitowa: wannan kuma wane irin karatu ne, kuma wane aiki mutum zai yi da shi? Wasu suna ɗaukar sa karatun dashen itatuwa da kwashe shara. Wasu suna ganin mafaka ce ga wanda ya gudu daga lissafi da kimiyyar sinadarai. Akwai kuma masu zaton horo ne na fafutuka da ɗaga kwalaye. Waɗannan fahimtoci uku duk sun kauce, kuma ɗalibin da ya shiga da ɗaya daga cikinsu yakan sha mamaki tun a zangon farko.

Sunaye masu kama da juna

Ruɗanin yana farawa ne daga sunaye, domin akwai kwasa-kwasai da dama da kalmar muhalli ke cikinsu, alhali kowanne da inda ya dosa.

Kimiyyar muhalli ita ce auna abin da ke faruwa a ruwa, iska, ƙasa da halittu, da gano dalilinsa. Tambayoyinta irin su ne: wane sinadari ne a cikin wannan kogi, nawa ne yawansa, daga ina ya fito, ina zai je, wa zai cutar? Kula da muhalli kuwa yana farawa daga inda awon ya tsaya: tunda mun san ga abin da ke cikin kogin, wace doka ce ta shafe shi, wa ke da alhakin gyara, nawa gyaran zai ci, wa zai biya, kuma ta yaya za a tabbatar an yi? Digirin da ya haɗa sunayen biyu yana ƙoƙarin fitar da mutumin da zai iya riƙe kwalbar gwaji da safe, da yamma kuma ya zauna da injiniya da lauya da wakilan al'umma ya yi musu bayanin abin da sakamakon yake nufi.

Injiniyancin muhalli daban ne. Shi ke zana matatar ruwa, magudanai, wurin binne shara da na'urorin tace hayaƙi, kuma lissafinsa ya fi nauyi nesa ba kusa ba. A ƙasashe da yawa, wanda bai yi digirin injiniya da aka amince da shi ba ba zai sa hannu a kan zanen irin waɗannan ayyuka ba, komai iliminsa na muhalli. Wannan abu ne da ya kamata ɗalibi ya sani kafin ya cike fom, ba bayan ya kammala ba. Nazarin muhalli ya fi karkata ga siyasa, tarihi, falsafa da zamantakewa, ɗakin gwajinsa kaɗan ne. Kiwon lafiyar muhalli kuma reshe ne na lafiyar al'umma, mai duba tsaftar abinci, ruwa, gidaje da wuraren aiki, kuma galibi yana da nasa lasisin.

Abin da ya haifi fannin

Kafin tsakiyar ƙarni na 20, masanin sinadarai yana nasa, masanin halittu yana nasa, masanin duwatsu da ƙasa yana nasa. Masifu ne suka tilasta musu zama wuri ɗaya. A watan Disamba na 1952 hayaƙin gawayin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe birnin Landan na kwana biyar, dubban mutane suka mutu, abin da ya kai ga dokar tsaftar iska ta 1956. A wannan shekara ta 1956 likitoci a garin Minamata na Japan suka ba da rahoton wata cuta mai lalata jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Sai da aka bi sawu daga ruwan dagwalon wata masana'antar sinadarai zuwa teku, daga teku zuwa kifi, daga kifi zuwa jikin masunta da iyalansu, sannan aka gane zaiba ce ke taruwa a kowane mataki. Likita shi kaɗai ba zai iya warware wannan ba, haka ma masanin sinadarai shi kaɗai. Gwamnatin Japan ba ta amince da musabbabin a hukumance ba sai 1968, shekara 12 bayan rahoton farko, kuma wannan jinkiri ya nuna cewa gano gaskiya a ɗakin gwaji ba ya wadatarwa idan babu tsarin da zai sa a yi aiki da ita.

A ranar 1 ga Janairu 1970 Amurka ta fara aiki da dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya nazarin tasirin manyan ayyukansu a kan muhalli kafin su fara. A 1972 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taron muhalli na farko a birnin Sitokhom na Suwidin, wanda ya kai ga kafa hukumarta ta muhalli mai hedikwata a Nairobi. Ƙasashe suka bi sahu da dokoki da hukumomi, sai aka wayi gari ana neman ma'aikatan da za su auna, su rubuta rahoto, su sa ido. Jami'o'i suka buɗe sassa domin cike wannan gurbi. Saboda haka kasuwar aikin wannan fanni doka ce ta gina ta, kuma har yau inda doka ke da haƙora ne ayyukan ke da yawa.

Yadda karatun yake tafiya

Tsawonsa ya danganta da ƙasa: shekara 3 a Ingila da yawancin Turai, shekara 4 a Amurka da Sikotland da wasu wurare da dama. A tsarin Amurka ɗalibi yakan fara da kwasa-kwasan bai-ɗaya, sannan ya tsayar da babban fanninsa kafin ƙarshen shekara ta biyu. A wasu tsare-tsaren kuwa tun ranar shiga an san sashenka.

Shekarar farko tushe ce: kimiyyar sinadarai, kimiyyar halittu, fiziks, lissafi, da gabatarwa kan ƙasa da yanayi. A nan ne wanda ya zo gudun lissafi ke gane an gudu ba a tsira ba. Ba za ka iya cewa komai a kan gurɓacewar kogi ba sai ka iya lissafa yawan sinadari a lita, ka ninka da yawan ruwan da ke gudana a daƙiƙa, ka fitar da nauyin gubar da ke wucewa a rana. Kuskuren da ya fi kayar da ɗalibai ba babba ba ne a ido: rikita miligiram da maikurogiram. Tsakaninsu ninki 1,000 ne, kuma wannan kuskure ɗaya ya isa ya mayar da ruwa mai guba ya zama lafiyayye a takarda.

Tsakiyar karatun ne ke ɗauke da naman fannin: ilimin alaƙar halittu da mazauninsu, ilimin ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa, kimiyyar ƙasar noma, sinadaran muhalli, ilimin guba, ƙididdiga, da tsarin taswirar kwamfuta da ake kira GIS. Daga ɓangaren kulawa kuma akwai dokokin muhalli, tattalin arzikin albarkatu, nazarin tasirin ayyuka, sarrafa shara da tsare-tsaren kamfanoni. Shekarar ƙarshe ta zaɓaɓɓun kwasa-kwasai ce da kundin bincike, a wurare da yawa kuma da zaman sanin makamar aiki a wata hukuma ko kamfani.

Ƙididdiga ita ce kwas ɗin da ɗalibai suka fi rainawa, kuma ita suka fi nadamar rainawa. Muhalli ba ya tsayawa cak. Ruwan kogi ɗaya yana canzawa tsakanin safe da yamma, tsakanin damina da rani. Wanda ya ɗebi samfuri uku kacal ya ce ya gano bambanci tsakanin wurare biyu, wataƙila sauyin yau da kullum kawai ya gani.

Abin da ke cikin kwalbar ruwa ɗaya

Wanda ke son ya ga ainihin aikin, ya dubi yadda ake ɗibar ruwa domin gwaji, domin yawancin sakamakon banza a bakin rijiya ko kogi ake lalata shi, tun kafin a kai ɗakin gwaji.

Idan rijiyar da aka haƙa don sa ido kan ruwan ƙarƙashin ƙasa ce, ba a ɗiba daga ruwan da ya kwana a cikin bututu. Ana zuƙe shi tukuna, galibi kimanin ninki uku na ruwan da ke tsaye a rijiyar, ko kuma har sai awon zafi, pH (ma'aunin tsamin ruwa) da ƙarfin ɗaukar lantarki sun daina motsi. Waɗannan ukun da iskar oksijin da ke narke a ruwa a wurin ake auna su, domin suna sauyawa a hanya. Sannan kowane gwaji da irin kwalbarsa. Na ƙwayoyin cuta yana bukatar kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyi, ba a taɓa cikin murfin da yatsa, a bar ɗan fili a sama, a saka cikin akwatin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin awa 6 in da hali, kada dai ya wuce awa 24. Idan ruwan famfo ne mai kulorin, sai an sa sinadarin da ke kashe ƙarfin kulorin a kwalbar, in ba haka ba zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, sakamako ya fito tas alhali ruwan ba tas yake ba. Na ƙarafa irin su dalma kuwa ana ɗiga masa asid har pH ya sauka ƙasa da 2, don kada ƙarfen ya manne a jikin kwalba ya ɓace daga awo.

Ga wani wuri da ke nuna bambancin mai hadda da mai fahimta. Idan kana son sanin ingancin ruwan da ke zuwa daga babban bututu, sai ka bar famfo ya zuba na ɗan lokaci kafin ka tara. Idan kuwa dalmar da ke narkewa daga bututun gida kake nema, ruwan farko da ya kwana awanni a bututun shi ne abin ɗiba. Wanda ya zubar da shi ya zubar da shaidar da ya zo nema.

Ana kuma tafiya da kwalbar ruwa tsantsa daga ɗakin gwaji, a buɗe ta a wurin aikin, a rufe, a dawo da ita a gwada tare da sauran. Idan aka ga dalma a cikinta, to datti daga hannunka ko kayan aikinka ya fito, sakamakon ranar duka ya shiga shakku. Kowace kwalba tana da lamba, rana, lokaci, wuri da sunan wanda ya ɗiba, kuma duk wanda ta bi ta hannunsa sai ya sa hannu. Ranar da magana ta kai kotu, lauyan wancan ɓangare wannan takarda zai fara nema.

Bayan sakamako ya fito sai a gwada shi da ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maikurogiram 10 a lita ga dalma, haka ma ga gubar asenik, miligiram 50 a lita ga naitiret saboda haɗarinsa ga jarirai masu shan madarar gwangwani, kuma kada a samu ƙwayar E. coli, mai nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha. Ga kogi kuwa akwai gwajin BOD, mai auna yawan oksijin da ƙwayoyin halitta ke cinyewa wajen ruɓar da dattin da ke ruwa. Ana cika kwalba maƙil ba tare da kumfar iska ba, a auna oksijin, a ajiye ta kwana 5 a duhu a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, a sake aunawa. Duhun yana da dalili: in haske ya shiga, gansakuka za ta samar da sabon oksijin ta ɓata lissafi. Kogi mai tsafta yakan ba da miligiram 1 zuwa 2 a lita, ɗanyen ruwan masai kuwa ɗaruruwa. Tunda ruwa mai zafin 20 ba ya riƙe fiye da kimanin miligiram 9 na oksijin a lita, kuma yana riƙe ƙasa da haka in ya ƙara ɗumi, ka ga dalilin da kifaye ke mutuwa a ƙasan bututun dagwalo, musamman lokacin zafi da ruwa ya ja baya.

Taswira da hoton tauraron ɗan'adam

A ganina wannan ne ɓangaren da ɗalibi zai fi cin riba da ƙaramin jari. Taurarin Landsat suna ɗaukar hoton doron ƙasa tun 1972, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne ga kowa. Na Sentinel-2 na Turai, da aka fara harbawa a 2015, su ma kyauta ne. Manhajar taswira ta QGIS kyauta ce, haka R da Python da ake nazarin bayanai da su. Da kwamfuta da intanet ɗalibi zai iya bin yadda daji ya ragu ko birni ya cinye gonaki cikin shekara 30.

Sai dai a san iyakar abin. Ɗigo ɗaya a hoton Landsat fili ne mai mita 30 tsawo da 30 faɗi, na Sentinel-2 mafi kaifi mita 10, saboda haka ƙaramin kududdufi ko kwazazzabo na iya ɓacewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne gwada hoton damina na wata shekara da hoton rani na wata, a fito a ce tsirrai sun ƙare. Wajibi ne hotunan su kasance na lokaci ɗaya a shekara, kuma a taka da ƙafa zuwa wasu wuraren a tabbatar abin da kwamfuta ta kira daji dajin ne, ba gonar rake ba.

Ɓangaren kulawa

Ginshiƙin wannan ɓangare shi ne nazarin tasirin aiki a kan muhalli, wanda ake taƙaitawa da EIA. Kafin a gina madatsar ruwa, babbar hanya, matatar mai ko wurin haƙar ma'adinai, ana fara tantance ko aikin ya kai girman da ke bukatar cikakken nazari. In ya kai, sai a fayyace abubuwan da za a duba, a tattara bayanan yadda wurin yake kafin a taɓa shi, a yi hasashen abin da aikin zai jawo, a tsara matakan rage illa, a saurari mutanen da abin zai shafa, hukuma ta duba rahoto ta yanke hukunci, sannan a ci gaba da sa ido bayan an fara. Matakan rage illa suna da jeri da ba a tsallakewa: a kauce wa ɓarnar in zai yiwu, in bai yiwu ba a rage ta, sannan a gyara abin da ya ɓaci, diyya ita ce ta ƙarshe.

A aikace wurare huɗu ne abin ke yawan lalacewa. Ana kiran masana bayan an riga an zaɓi fili an sa hannu a kwangila, sai matakin kaucewa ya mutu tun kafin a fara. Ana tattara bayanan farko cikin mako biyu na lokaci ɗaya, a rasa tsuntsayen da ke zuwa wani lokacin ko fadamar da ke cika da damina kawai. Ana yin taron jin ra'ayi a wuri da harshen da mutanen da abin ya shafa ba za su iya halarta ko fahimta ba. Sa ido bayan amincewa kuma yakan tsaya a takarda. Akwai kuma matsalar da ke cikin tsarin kansa: a yawancin ƙasashe mai aikin ne ke biyan kamfanin da ke rubuta rahoton. Duk wanda zai shiga wannan sana'a ya san wata rana za a so ya sassauta wata jimla ko ya cire wani sakamako, kuma ya kamata ya yanke shawarar abin da zai yi tun kafin ranar ta zo.

A cikin kamfanoni kuwa akwai ma'aunin ISO 14001 na tsarin kula da muhalli, wanda ya fara fitowa a 1996, mai tafiya a kan zagayen tsarawa, aiwatarwa, dubawa da gyarawa. Abin lura shi ne takardar shaidarsa tana nuna kamfani yana da tsari, ba ta cewa ya daina gurɓatawa. Sabon reshen da ke bunƙasa shi ne lissafin iskar da ke ɗumama duniya, inda ake raba hayaƙin kamfani gida uku: wanda yake fitarwa kai tsaye, na wutar lantarkin da yake saye, da na masu kawo masa kaya da masu amfani da hajarsa. Na ukun ya fi wahalar lissafi, kuma sau da yawa shi ya fi yawa.

Dalilin haɗa biyun

Daga shekarun 1970 an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse a Bangaladash domin raba mutane da ruwan tafki mai jawo kwalara da gudawa. Niyyar mai kyau ce, kuma ta ceci rayuka. Amma ba a gwada ruwan don asenik ba, alhali yana nan a cikin ƙasar yankin tun fil azal. A 1993 aka tabbatar da shi, bayan miliyoyin mutane sun shafe shekaru suna sha. Daga baya aka bi rijiyoyi ana gwadawa, ana shafa jan fenti ga mai guba, kore ga mai kyau. A nan gwaji ɗaya da aka tsallake ne ya jawo masifa.

A birnin Filint na Amurka kuwa ilimin yana nan, shawarar ce ta ɓaci. A Afrilun 2014 aka sauya inda birnin ke samun ruwa domin rage kashe kuɗi, ba a sa sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba, dalma ta narke daga tsofaffin bututu ta shiga gidaje, aka kuma daɗe ana yin watsi da koke-koken mazauna.

Ga kuma inda biyun suka haɗu aka ci nasara. A 1974 masana sinadarai Mario Molina da Sherwood Rowland suka nuna cewa sinadaran CFC da ake sawa a firiji da gwangwanin feshi a lokacin suna lalata rufin ozon, wato iskar da ke can sama mai tare hasken rana mai cutarwa. A 1985 masu bincike na Birtaniya suka ba da rahoton ramin ozon a saman Antatika. A 1987 aka ƙulla yarjejeniyar Montireyal, mai jadawalin rage sinadaran mataki-mataki, daga baya aka ƙara mata asusun taimaka wa ƙasashe masu tasowa. Yau rufin yana farfaɗowa. Masu awo sun yi nasu, masu tsara doka da kuɗi sun yi nasu, kuma kowane ɓangare ya fahimci harshen ɗayan.

Faɗi ko zurfi: inda ake saɓani

Babban sukan da ake yi wa wannan digiri shi ne yana taɓa komai sama-sama. Masu wannan ra'ayi suna cewa ɗakin gwaji zai fi son wanda ya karanta sinadarai zalla, kamfanin haƙar rijiyoyi zai fi son masanin duwatsu, aikin zane kuma na injiniya ne. Shawararsu ita ce a yi digirin farko a fanni guda mai zurfi, a ɗora muhalli a digiri na biyu. Masu kare shi kuma suna cewa matsalolin ba sa zuwa a rarrabe, kuma hukumomi da kamfanonin ba da shawara suna bukatar wanda zai karanta rahoton sinadarai, ya fahimci taswira, ya san doka, ya rubuta abin da shugaba zai gane.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma sukan ya fi kama ɗalibin da ya bi jadawali kawai ya ci jarrabawa. Shi ne zai fito ya san sunan komai, hannunsa bai iya komai ba. Maganin yana hannun ɗalibin: kafin ƙarshen shekara ta biyu ya zaɓi sana'a ɗaya ya nutse a cikinta, ko gwajin ruwa da ƙasa, ko taswira da hotunan tauraro, ko nazarin bayanai, ko binciken halittu a fili, ko nazarin tasiri da dokoki. Zaɓaɓɓun kwasa-kwasansa, wurin sanin makamar aikinsa da kundin bincikensa duk su bi wannan layi. Kundin da aka ɗebi samfuri aka auna aka yi ƙididdiga, ko aka fitar da taswira da hannu, abu ne da za a ɗora a tebur ranar ganawar neman aiki. Kundin da ya tsaya a raba takardar tambayoyi kan ko jama'a sun san sauyin yanayi ba ya nuna wata ƙwarewa.

Wanda kuma ya tabbata zanen matata yake so, ko binciken sinadarai mai zurfi, gara ya tafi injiniyanci ko kimiyyar sinadarai kai tsaye.

Ayyuka, da abin dubawa kafin a zaɓi jami'a

Masu wannan digiri suna shiga kamfanonin ba da shawara kan muhalli, hukumomin sa ido, hukumomin ruwa, sassan lafiya da kariya da muhalli na masana'antu da kamfanonin mai, ma'adinai da gine-gine, ɗakunan gwaji, gandayen daji, ƙungiyoyin agaji da bankunan da ke ba da rancen manyan ayyuka. Aikin farko galibi na fili ne: tashi da asuba, takalmin roba, akwatin ƙanƙara, rana ko ruwan sama, sannan awanni a gaban kwamfuta ana shigar da alƙaluma da rubuta rahoto. Rubutu ya fi yawa fiye da yadda ɗalibai ke zato, kuma wanda bai iya rubuta shafi biyu masu ma'ana ba zai daɗe a matakin ɗibar samfuri. Koyarwa a jami'a, bincike da manyan muƙaman ƙasa da ƙasa kusan duk suna neman digiri na biyu ko na uku.

Kafin ka zaɓi jami'a, nemi jerin kwasa-kwasan shekara-shekara ka ƙirga nawa ne ke da aikin ɗakin gwaji ko na fili. Tambayi ɗaliban da ke ciki ko su da kansu suke taɓa na'urori ko kallo kawai suke yi daga bayan malami. Duba ko ana koyar da GIS a kan kwamfuta ko a kan allo. Duba ko akwai zaman sanin makamar aiki na dole da tsawonsa, ko hukumar da ke tantance jami'o'i ta amince da kwas ɗin, da irin taken kundayen da ɗaliban bara suka rubuta. Sunan sashe ba ya gaya maka komai: jami'o'i biyu na iya amfani da suna ɗaya, ɗaya rabin karatunta sinadarai ne, ɗaya kusan duka tsare-tsare ne.

Abin da ya shafi wanda bai taɓa shiga ajin ba

Ingancin wannan horo yana isa gidan kowa ta hanyoyin da ba a gani. Ruwan da uwa ke haɗa wa jariri madara da shi wani ne ya gwada shi ya sa hannu. Iskar unguwar da ke kusa da masana'anta wani ne ya auna ta ya gwada da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, wanda ya sa maikurogiram 5 a kowace mita kubik ta iska (mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi) a matsayin matsakaicin shekara ga ƙananan ƙurar da ke kutsawa can cikin huhu. Manomin da za a gina madatsa a saman gonarsa, ko masuncin da za a zuba dagwalo a koginsa, makomarsa tana rataye a kan ko wanda ya rubuta rahoton ya zo wurin a lokacin da ya dace, ya tambaye shi, ya kuma rubuta abin da ya gani.

A ƙasashe da dama doka ta ba jama'a damar ganin rahoton nazarin tasiri da yin ƙorafi cikin wa'adin da aka ɗiba kafin a amince da aiki. Rahotannin sukan kai ɗaruruwan shafuka, kuma al'ummar da ke da ko mutum ɗaya da ya iya karanta su, ya duba ranakun da aka ɗebi samfuri da wuraren da aka tsallake, ita ce ke iya shigar da ƙorafi mai hujja kafin wa'adin ya cika.